Farantan bayan jirgin ruwa sun ƙi motsi: a gyara ko a cire?

Tambaya: Wani Alhaji daga nan Maraɗi ya sayi tsohon jirgin ruwa na fayiba, na hannu, mai tsawon kusan mita shida, da injin Yamaha rataye a baya. Niyyarsa ya riƙa ɗaukar baƙi a tafkin Madarumfa idan ruwa ya cika. A gindin jirgin akwai farantan ƙarfe biyu masu aiki da famfon mai, an rubuta Bennett a jikin famfon. Na dama ba ya motsi sam, na hagu yana sauka da ƙyar kuma ba ya komawa sama duka. Jan mai ya jiƙa ƙarƙashin famfon, yaronsa kuma da ya ga man ya ragu sai ya ƙara man birki. Yana tambaya: a gyara, a cire, ko a yo odar na lantarki?

Amsa:

Alhaji, Allah ya sanya albarka a jirgin. A gyara, kada a cire, kuma kada ka tura kuɗi waje tukuna. Aikina famfon tifa da na tarakta ne, amma irin waɗannan jiragen sun bi ta hannuna a bakin kogin Isa, wato kogin Kwara, kuma a cikin duk kayan da ke aiki da matsin mai babu mai sauƙin kai kamar wannan. Kamfanin Bennett na Fulorida a Amurka yana ƙera su tun wajen 1960, tsarin bai wani canja ba, shi ya sa kayan gyaran yau ke shiga famfon da ya girmi yaronka. Mafi yawan waɗanda aka ce sun mutu, zama ne ya kashe su, ba aiki ba.

Sai dai man birkin nan ya ƙara mana aiki, kuma shi ne abin gaggawa. Kada a sake danna maɓallin sai an zubar da shi. Wannan famfo man giyar atomatik yake sha, jan nan da ake kira ATF, irin Dexron da ke wurin kowane mai sayar da man mota. Man birki jinsinsa daban, ba daga ɗanyen mai aka yi shi ba. Zoben robar da ke cikin famfon da cikin jak, wato abin da ke tura farantin, an yi su ne don man ma'adini, in man birki ya daɗe a kansu sai su kumbura su yi laushi. Ga shi yana jan danshi, ga shi yana cin fenti. Ba na ganin laifin yaron sosai, ya ga ƙaramin tanki da tiyo sai ransa ya ba shi birki ne. Amma a gaya masa.

Ga yadda abin ke aiki, don in ka gane shi kai da kanka za ka riƙa gano cutarsa. Jirgin da ke gudu, gindinsa na nutsewa, hancinsa na ɗagawa. In an sauke farantin baya, ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin jirgi sai ya bugi farantin ya tura gindin sama, hanci ya sauko. In aka sauke guda ɗaya, gefen da yake ne ke ɗagawa, sai jirgin da ya karkata ya daidaita. Abin da ke tura farantin ƙaramin jak ne, ɗan'uwan jak ɗin tifa: famfo ya turo mai ta tiyo guda, sanda ta fito. Tifa nauyin bodinta ke maido da ita, shi kuwa wannan sifirin ne a cikin jak ɗin, motar famfo ta juya baya ta janye mai, sifirin ya maido da sanda. A jikin famfon akwai bawul biyu masu buɗewa da lantarki, ɗaya na faranti na hagu, ɗaya na na dama. In bawul bai buɗe ba, mai ba ya shiga kuma ba ya fita, ko da motar famfo tana ta kuka. Ka riƙe wannan, don rabin matsalolin suna nan.

Wani abu da ke rikita mutane: maɓallin da ke gaban matuƙi a gicciye aka haɗa shi tun daga kamfani. In ka danna na hagu don hancin hagu ya sauka, farantin dama ne zai sauka. Ba kuskuren wayarin ba ne. Na faɗi wannan ne don kada mai gyaran wuta ya zo ya ce ya ga an juya wayoyi ya “gyara” maka su. Haka kuma ka tabbata da ka ce na dama ba ya motsi, farantin kake nufi ba maɓallin ba. Hagu da dama a jirgi, na mutumin da ke tsaye yana fuskantar hanci ne.

To, wankin mai. A buɗe murfin famfon, a ciro ɗan toshin da ke kusurwar tankin, a zuƙe abin da ke ciki da babban sirinji da guntun tiyon ƙarin ruwa. Tankin ƙarami ne, bai kai lita ɗaya ba. In za a iya kwance shi a goge cikinsa da tsumma mai tsabta, ya fi. Sannan a kwance tiyo biyun daga bakin famfo, a sa bakinsu cikin gwangwani, a tura farantan sama da hannu don abin da ke cikin jak ya fito. A mayar, a zuba sabon ATF, a yi aiki da shi kaɗan, a sake zubarwa, a sake cikawa. Lita biyu ta ishe ka har da saura. Ka dubi launin man farko da ya fito kafin a zubar. Ja mai haske, lafiya. Baƙi mai ƙauri, ya tsufa ne kawai. In kuwa ya fito kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga, kuma mai yiwuwa ta jak ya shiga, wato robar ɗaya daga cikinsu ta riga ta tafi.

Ma'aunin mai: farantan biyu suna sama gaba ɗaya, mai ya tsaya kusan santimita biyar daga gindin tanki. Sai suna sama ake aunawa. Wanda ya cika tanki farantai na ƙasa, da zarar sun koma sama man da ke cikin jak zai dawo ya rasa wurin zama, ya yi ambaliya ta saman tanki. Sau da yawa jan man da ake gani a ƙarƙashin famfo, wannan ne asalinsa, babu inda ya tsage. Don haka kafin a yanke hukuncin yoyo, a wanke wurin da omo, a bushe, a shimfiɗa farar takarda ko kwali a ƙarƙashi, a yi aiki da famfon, sannan a ga inda ɗigon farko ya faɗo.

Yanzu wuta. A nan nake son ka ɓata lokaci, don alamomin da ka bayar, saukowa da ƙyar da ƙin komawa, sun fi kama da ƙarancin wuta fiye da lalacewar ƙarfe. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. Amma awon kan batir ba ya isa. A sa mita a wayoyin da ke shiga famfon, wani ya danna maɓalli, a ga nawa ke isowa lokacin da motar ke juyawa. In ya faɗi ƙasa da 11, wuta na ɓacewa a hanya. Motar famfo na iya juyawa da raunin wuta, tana gurnani, bawul kuwa ya ƙi buɗewa ko ya buɗe rabi. Mai shi ya ji ƙara ya ce wuta lafiya lau, alhali ita ce marar lafiyar.

A fara da baƙar waya, ta mas, wadda ke komawa ƙafar batir. Jirgin fayiba ba mota ba ne, jikinsa ba ya ɗaukar wuta, dole baƙar wayar ta koma har batir da kanta. A kwance ta, a goge bakinta da samfefa har jan ƙarfen ya fito, a ɗaure tam, a shafa giris kaɗan. In aka fere robar waya aka ga zaren ciki ya yi baƙi ko kore, a ci gaba da yankewa har a tarar da mai haske. Wani lokaci tsatsar ta bi ciki kamu guda ko fiye, to waya sabuwa ce maganinta, mai kaurin tsohuwar ko fiye. Sai fis: yana kan waya mai ruwan lemo da ke kai wuta ga maɓalli, amfiya 20 ne a tsarin bolt 12. In ka tarar an naɗe shi da takardar taba ko zaren waya, a cire a sa na gaskiya. Wurin nan kusa da tankin fetur yake.

Daga nan sai gwajin da ke raba gardama. Wayoyi huɗu masu launi ne ke shiga famfon Bennett ban da baƙar. Shuɗiya tana juya mota gaba, wato turawa ƙasa. Rawaya tana juya ta baya. Ja tana buɗe bawul ɗin hagu, koriya na dama. A zare mahaɗin da ya taho daga maɓalli, a jawo waya guda daga ƙafar batir mai wuta, da fis a kanta. A taɓa shuɗiya da ja tare: farantin hagu ya sauka. Rawaya da ja: ya hau. Shuɗiya da koriya: na dama ya sauka. Rawaya da koriya: ya hau. Kafin a yi wannan a fitar da jarkar fetur daga jirgin, a bar iska ta ratsa, don tartsatsi zai tashi.

In a wannan gwaji komai ya motsa, famfonka garas yake, cutar tana cikin maɓalli ko wayar da ke tsakani. Ƙurar hunturu ba ta barin maɓalli, tana shiga ta haɗu da danshin damina ta zama dafi a kan ƙarfen. A buɗe a wanke da man feshin lantarki. In na hagu ya motsa na dama ya ƙi, to taɓa koriyar waya ita kaɗai, ka kara kunne. Bawul mai rai yana yin ƴar ƙara, ƙyat, duk lokacin da wuta ta taɓa shi. Ka sa yatsa a kansa ma za ka ji. In shiru, ka ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da ƙotar sukundireba ana ba shi wuta ana ɗaukewa. Bawul ɗin da ya shekara a zaune yakan manne ne kawai, bugun nan kan sake shi. A hankali fa, ba da guduma ba. In har yanzu shiru, ya ƙone ko ya cije, kuma ana sayar da shi shi kaɗai, ana kwance shi da sifana, ba sai an sayi famfo ba.

In kuwa bawul yana ƙara amma farantin dama bai motsa ba, a musanya tiyo biyun a bakin famfo, na dama ya koma gurbin na hagu. In matsalar ta koma hagu, daga famfo take. In ta tsaya a dama, to tiyon dama ne ya lanƙwashe ko ya toshe, ko jak ɗin kansa ya cije. Gwajin minti goma ne, amma shi ke hana mutum sayen abin da bai lalace ba.

Tiyon na roba ne mai tauri, siriri, ana kama shi da noti da ɗan zobe. Zafinmu na Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana gasa shi har ya yi ƙarau. Ka lanƙwasa shi kaɗan da yatsu kusa da noti: in ka ga farin layi ko tsaga, a yanke wurin da wuƙa mai kaifi, yankan ya miƙe, a sa sabon zobe. Tsohon zobe ba ya komawa. A ɗaura notin da hannu har ya tsaya, sannan a ƙara zagaye ɗaya cikakke da sifana, rabin inci ne bakinta, mai lamba 13 na kamawa. Zagaye ɗaya, ba uku ba. Mu masu aikin tifa hannunmu ya saba da ƙarfi, nan kuwa ƙarfi ne ke fasa abu. Kada kuma a naɗa farin zaren famfon ruwa a kan haƙoran, guntunsa na tsinkewa ya bi mai ya je ya zauna a bakin bawul, sai faranti ya riƙa komawa sama da kansa jirgi na tafiya. Kuma tiyon fetur ko na ruwa ba ya maye gurbin wannan, zai kumbura ya fashe.

Ba a cire wa wannan tsari iska kamar birki. In an gama haɗawa, a sauke farantan har ƙarshe, a mayar har ƙarshe, a maimaita sau uku ko huɗu, iskar za ta koma tanki da kanta. Sai a sake duba mai.

Jak ɗin kansa. Na hagun da ba ya komawa duka, in wuta ta gyaru bai daina ba, a zare ƙusar da ta haɗa ƙafarsa da faranti. A ɗaga farantin da hannu a sake shi. Ya kamata ya yi lilo ba tare da turjiya ba. In ya cije, maƙalarsa ce, wato inda yake manne da jirgi yana lilo, ta cika da busasshen taɓo ko ta lanƙwashe, jak ba shi da laifi. Sannan a dubi sandar. Ruwan Madarumfa, kamar na Gulbin Maraɗi, ruwa ne mai laka da yashi. Lakar na bushewa a kan sanda, sanda ta koma ciki da ita, yashin ya yi ta kartar robar har ta soma yoyo. Ga kuma zaren masunta, guntun koma ko na ƙugiya, da ke naɗewa a wuyan sandar ya yanke roba kamar reza. Ka bi sandar da farce: in farce na maƙalewa a wani karce, sabuwar roba ma ba za ta daɗe ba, jak ɗin za a canja. In sanda sumul take, roba ce kawai. Jikin jak ɗin yana warwarewa daga kansa na sama, don haka ana barin kan a manne da jirgi, ba sai an taɓa sukurorin ba. A kula da sifirin ɗin ciki lokacin buɗewa. In ya karye, faranti ba zai taɓa komawa duka ba. Tun da man birki ya ratsa, ni da nawa ne zan canja robobin jak biyun gaba ɗaya. A tafi da tsohuwar roba kasuwa a gwada, kuma a ce wa mai shago ta mai ake so, ba ta famfon ruwa ba. In ba a samu a wurin ƴan kayan tarakta na nan ba, Katsina ba nisa, Ƙofar Ruwa a Kano kuma da wuya a rasa.

Duk wannan ƙaramin aiki ne. Abin da ya fi damuna a jirginka ba ka tambaye ni shi ba, shi ne allon bayan da aka ɗaura farantan a kansa. A yawancin tsofaffin jiragen fayiba, allon nan katakon filawud ne aka lulluɓe ciki da waje. Kowane faranti an kafa shi da jerin sukurori a ƙasan layin ruwa, kowane jak da nasa, ga ramin da bututun mai ya ratsa. Gam ɗin da aka sa musu shekaru da dama ya bushe ya ja jiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa na bin haƙoran sukuru ya shiga katako, ba shi da hanyar fita, katakon ya ruɓe a ɓoye, waje kuwa fayiba na ta ƙyalli. Kuma a jikin wannan allo injinka yake rataye, da nauyinsa da duk ƙarfin turinsa.

Ka gwada shi da kanka. Ɗauki ƙotar sukundireba ka bi allon kana ƙwanƙwasawa, daga sama zuwa ƙasa, musamman kewayen farantan. Lafiyayyen wuri na amsawa da kaifi, ruɓaɓɓe na amsawa a dushe. Ka ɗaga ƙafar injin, ka danna ta da nauyin jikinka, wani ya zuba wa allon ido: in yana numfashi, ko ƙananan tsagogi na buɗewa a kusurwoyi, magana ta girma. Sannan ka kwance sukuru ɗaya na ƙasa. In ya fito a bushe da farin gari a haƙoransa, alhamdu lillahi. In ya juya bai kama komai ba, ko ruwa mai launin shayi ya biyo shi yana wari, sai a kwance farantan duka.

In ruɓar ba ta wuce kewayen ramukan ba, tana gyaruwa a gida. A faɗaɗa kowane rami da injin huda har a tarar da katako mai ƙarfi, a kula kada a ratsa zuwa ciki. A bar shi ya bushe sosai, makonni ba kwanaki ba. A nan mun fi mutanen bakin teku sa'a, bazararmu na busar da abin da su sai sun sa fitila da fanka. A cika ramukan da gam ɗin ifoksi mai haɗi biyu, a bari ya daskare, a sake huda ƙaramin rami a tsakiyarsa. Yanzu sukuru na zaune cikin gam, ruwa ba ya ganin katako. Wurin mayarwa a shafa gam ɗin jirgin ruwa, Sikaflex 291 ko 3M 4200, a cikin rami da bayan maƙala. Silikon ɗin da ake liƙa gilashi da shi ba ya riƙe ƙarƙashin ruwa, kuma duk inda ya taɓa wani gam ba ya kamawa bayansa. Sukurorin su zama na inoks, za ka ga A2 ko A4 a kwalinsu ko a kan manyan, kuma maganaɗisu ba ya kama su sai da ƙyar. Na kafinta kuwa, damina ɗaya ta isa tsatsa ta cinye su. In kuwa ruɓar ta kai wurin da injin ke rataye, wannan ya wuce ni, aikin masu fayiba ne, kuma kada jirgin ya ɗauki ɗan kowa sai an yi shi.

Wurin mayar da farantan, a kara miƙaƙƙen katako a ƙarƙashin jirgi ya zarto baya. Maƙalar ta ɗara katakon da kusan milimita shida, bakin farantin na baya kuma, in yana sama duka, ya ɗara shi da santimita ɗaya da ƴan kai. In farantin da aka ce yana sama ya taɓa katakon ko ya gota ƙasa, jirgi zai riƙa jan ruwa yana shan fetur a banza.

Wataƙila ka ga wani dunƙulen ƙarfe mai toka-toka a kan kowane faranti. An sa shi ne ya ci tsatsa a madadin sauran ƙarfen. In jirgin daga teku ya fito, na zinki ne, shi kuwa a ruwan daɗi farin ɓawo yake yi ya daina aiki. Na magnesiyam ne na ruwan daɗi. Amma jirgin da za a riƙa fitarwa ana ɗorawa a tirela, wannan ba abin kashe kuɗi ba ne. A goge shi kawai, kada a shafa masa fenti.

Batun na lantarki, irin su Lenco. Suna da sauri, babu mai babu tiyo, ba na kushe su. Sai dai motarsu na cikin jak ɗin ne, a cikin ruwa. Ran da ruwa ya shiga, ba a buɗewa a gyara, sabo ake saye, kuma ba a Maraɗi ba. Naka kuwa motarsa na cikin jirgi a bushe, man sa na kowane shago, robarsa ta ƴan kuɗi kaɗan. Ga wanda ke nesa da teku da dillalan kayan jirgi, lissafin a fili yake. Cirewa kuma ba ta rage aiki, ramuka sama da goma za ta bar maka a ƙasan ruwa, kowanne sai an toshe shi yadda na faɗa.

Gaskiya guda dai: farantan ba sa aiki sai jirgi na gudun da zai ɗaga ya hau saman ruwa. In yawon shan iska za a yi da baƙi a hankali, a kewaya a ga tsuntsaye a dawo, tasirinsu kaɗan ne, a ɗage su sama a bar su. Amfaninsu na fitowa ne lokacin tashi da kaya, inda suke taimaka wa jirgi ya hau ruwa da wuri, da lokacin da iska ta bugo daga gefe. Ba sa gyara lodin da ya wuce kima. In mutum biyar sun taru gefe guda, a ce biyu su koma ɗaya gefen, kada a ce maɓalli zai yi.

Ka gaya wa matuƙinka ya riƙa danna maɓallin kaɗan-kaɗan, rabin daƙiƙa, ya saki, ya jira jirgi ya amsa, don amsar na ɗan jinkiri. Wanda ya danne ya riƙe, sai ya ji hanci ya tsunduma jirgi na fizgar kansa gefe. Sauke faranti ɗaya har ƙarshe ana cikin gudu na iya kwantar da jirgi a gefensa. A ɗage su duka kafin a yi baya, kafin a shiga wurin da ruwa ya janye, da kafin a hau tirela. Yawancin farantan da na gani a lanƙwashe, a tudu suka lanƙwashe. Rigunan ruwa kuma su kai yawan mutanen da ke ciki.

Sai zaman rani, wanda shi ne mafi tsawo a rayuwar jirgi a ƙasarmu. Duk ranar da aka fito daga tafki a watsa wa jak da maƙala ruwa mai tsabta tun lakar na ɗanya. A ajiye farantan a sama, don sanda ta ɓuya daga rana da ƙura. A yi wa jirgin rumfa, ko aƙalla a rufe bayansa da tamfol. A cire ƙafar batir, a riƙa cajinsa. Sau ɗaya a wata a mayar da ita, a sauke farantan a ɗage su sau biyu ko uku, don bawul kada ya manne, roba kada ta bushe. A leƙa ƙarƙashin murfin famfo, don zanzaro na son gina ɗakinsa a nan, ɓera kuma na son robar waya.

In an bi duk wannan na dama ya ƙi, a kwance famfon daga mazauninsa a kawo gareji, ba sai an jawo jirgin ba. A yi wa tiyon dama alama da zare kafin a cire, a ɗaure bakin kowane tiyo da leda mai tsabta don ƙura, a riƙe famfon a tsaye a hanya kada man ya zube. A haɗo da batirin jirgin, shi ma ina son in auna shi.